Wa ke taɓa na'ura a ɗakin gwaji? Fashin baƙi kan digirin kimiyya da koyon aiki

Duk shekara jami'o'in Najeriya na yaye dubban matasa da digirin kimiyya: ilimin sinadarai, ilimin ƙananan halittu, fiziks, lissafi, ilimin duwatsu da sauransu. Duk shekara kuma masu ɗaukar ma'aikata na maimaita ƙorafi guda, cewa yaro ya zo da sakamako mai kyau amma sai an koya masa aiki daga tushe. Akwai wani ƙorafin da ba a cika jin sa da ƙarfi ba, na waɗanda suka samu shiga jami'a da ƙyar amma karatun ya yi ta ture su gefe: ɗan talakan da ya fito daga sakandaren ƙauye, matar aure mai goyo, mai tafiya a keken guragu, makaho, kurma, mai fama da sikila. An saba raba waɗannan ƙorafe-ƙorafe gida biyu, kowane da kwamitinsa da taron bitarsa. A ganina tushensu ɗaya ne. Duk ƙwarewar da jami'a ta bari a wajen manhaja, ta ce ɗalibi ya je ya nemo da kansa, to mai hanya da mai kuɗi ne za su samo ta.

A fara da abin da tsarin ya tanada, domin ba a ce ba a yi komai ba. Gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF mai hedikwata a Jos, a 1971. A 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin SIWES, wanda ɗalibai suka fi sani da IT. Dalilin kafa shi shi ne ainihin ƙorafin da muke ji yau: masana'antu na cewa masu digiri ba su iya aiki da hannu ba. A yawancin sassan kimiyya ɗalibi na tafiya wata shida, galibi a aji uku, ya zauna a wata ma'aikata, ya riƙa cike logbuk kullum, mai kula da shi a can ya sa hannu, malami daga jami'a ya kai ziyara, sannan ya dawo ya rubuta rahoto ya kare shi gaban malamai. A takarda tsari ne mai kyau. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan ana yin sa, kuma ƙorafin bai gushe ba.

Abin da ya sa kuwa ba ɓoyayye ba ne. An tsara shirin ne a zamanin da masana'antu ke da rai, ɗalibai kuma 'yan kaɗan. A lokacin masaƙun Kakuri a Kaduna na aiki dare da rana, Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano cike suke da kamfanoni, matatar man Kaduna ta fara aiki a 1980. Yau masaƙar KTL ta rufe tun 2002, wasu da dama sun bi sahunta, yawan ɗalibai kuwa ya ninka sau da yawa. Wuraren da suka rage masu ɗakin gwaji na gaske ana iya ƙirga su: kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana, cibiyoyin bincike irin su IAR a Samaru da NAPRI a Shika da NARICT a Zariya da NVRI a Vom, ɗakin gwajin NAFDAC na Kaduna, hukumomin ruwa na jihohi, asibitocin koyarwa, da 'yan kamfanonin abinci da magani. Ba za su iya ɗaukar kowa ba.

To wa ke samun gurbi? Jami'a kan ba ɗalibi wasiƙa ce kawai, ta ce ya je ya nemi wuri. Wanda kawunsa ke aiki a kamfanin mai zai tafi Legas ko Fatakwal, ya ga na'urorin da malaminsa ma bai taɓa gani ba. Wanda ba shi da kowa zai yi ta yawo da wasiƙa har wani ƙaramin ofis ya tausaya masa, ya ƙare wata shidan yana kai fayil daga tebur zuwa tebur, ko kuma a ce masa ya tafi abinsa ya dawo ranar sa hannu. Sai ka ga logbuk na mako ashirin da huɗu an cike shi a dare biyu, da biro iri ɗaya, da rubutu mai gaggawa iri ɗaya. Alawus ɗin da aka daɗe ana biyan ɗalibin jami'a naira 2,500 ne a wata, kuma sau da yawa sai bayan an gama yake fitowa, in ya fito. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, wannan kuɗi ba zai kai mutum wurin aiki na mako guda ba, balle hayar ɗaki a wani gari. Ɗaliba mace kuma ga ƙarin tambaya daga gida: a hannun wa za ta zauna? Sai ta zaɓi wuri mafi kusa, ko da babu abin koyo a cikinsa. Dukansu za su dawo su samu maki kusan iri ɗaya, domin rahoto ake dubawa, ba hannu ba.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya daban da wannan dabara ta haɗa karatu da aiki. A Jami'ar Cincinnati ta Amurka Herman Schneider ya fara ta a 1906, Jami'ar Waterloo ta Kanada kuma ta ginu a kanta tun 1957. A Waterloo ɗalibi na yin wata huɗu a aji, wata huɗu a wurin aiki, a yi ta juyawa har ya gama, kamfani na biyan sa albashi, kuma jami'a na da ofis guda da aikinsa ke nan: nemo gurabe, tallata su ga kowa, bibiyar abin da ɗalibi ke yi. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne nauyin nemo wuri yana wuyan makaranta. Amma kada mu yaudari kanmu, tsarin nasu ya dogara da yalwar kamfanoni, abin da mu ba mu da shi a yanzu. Saboda haka ko an gyara IT ɗinmu gobe, ba zai iya ɗaukar nauyin da aka ɗora masa shi kaɗai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dole aikin ya dawo cikin jami'a, cikin kwasa-kwasan da kowa ke yi kuma ake ba wa maki.

Mu leƙa ɗakin gwaji na aji ɗaya, ranar firaktikal ɗin sinadarai. Ana gwajin da ake kira taitireshan, inda ake ɗiga wani ruwa cikin wani har launi ya sauya. Buret guda ne a kan tebur, wato dogon bututun gilashin nan mai famfo a ƙasa, ɗalibai goma sha biyu ko fiye sun kewaye shi. Wanda ya fito daga makarantar kuɗi, ya taɓa riƙe shi a sakandare, shi zai miƙa hannu, kuma sauran za su bar masa domin kowa na son a gama da wuri. Wata daga cikin matan za a miƙa wa biro ta rubuta lambobi, don an ce rubutunta ya fi kyau. Biyu na wanke gilasai. Sauran na tsaye a baya suna jiran a karanto musu amsa. Idan sakamakon bai yi daidai da na littafi ba, sai a ɗan gyara shi, ko a aro na rukunin da suka yi jiya. Mako mai zuwa haka za a sake, da mutum ɗaya a bakin famfo. A ƙarshen shekara huɗu duka goma sha biyun sun ci kwas ɗin, amma mutum ɗaya ko biyu ne hannunsu ya san yadda ake sakin ɗigo guda. Babu wanda ya kori kowa daga ɗakin, babu wanda ya yi niyyar ware kowa, amma an ware.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a nan ma ba rashin taɓa kayan ba ne, wannan ɗan gyaran lambar ne. A wurin aiki babu laifin da ya kai shi. Ma'aikacin ɗakin gwajin kamfanin magani ko na abinci ana koya masa tun ranar farko cewa littafin aiki da biro ake rubuta shi, a sa kwanan wata, a rubuta lambar samfur da na'urar da aka yi amfani da ita. In an yi kuskure ba a gogewa, layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. In sakamako ya fito banbarakwai ba a ɓoye shi, ana kai rahoto a binciko dalili. Mu kuwa muna shafe shekaru muna ba da maki ga wanda ya kawo amsar da malami ke jira, muna rage wa wanda ya kawo abin da ya gani da idonsa. Wato muna horar da ɗalibi a kan halin da zai sa a sallame shi daga aiki.

Kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga tattalin arzikinmu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke zuba wa hatsi don kada ƙwari su ci. Gyaɗa da masara kuma suna fama da gubar afalatoksin da wani irin ruɓa ke haifarwa idan ba su bushe da kyau ba. Duk buhun da zai tashi daga Dawanau zuwa ƙetare yana bukatar wanda zai ɗebi samfur yadda ya dace, ya auna, ya rubuta sakamakon da mai saye a wata ƙasa zai yarda da shi. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara kafin a shawo kanta. Aikin gano irin wannan annoba da wuri aikin mai digirin kimiyya ne: gwada ƙasa, gwada ruwa, sannan ya iya yi wa mai gari bayanin abin da ya gano. Aikin yana nan, masu iya shi ne suka yi kaɗan.

Mene ne to ake nufi da ƙwarewar aiki? Mutane da yawa da sun ji kalmar sai hankalinsu ya tafi kan kwas ɗin koyon sana'a da aka wajabta wa ɗaliban jami'a tun wajen 2007, inda ake koyon haɗa sabulu da man shafawa da ɗinki. Ba na raina sana'a, amma ɗalibin ilimin sinadarai da ya yi shekara huɗu bai kamata iyakar abin da zai fita da shi ya zama sabulun ruwa a jarka ba. Abin da ma'aikata ke nema ya fi haka sauƙin faɗa, ya fi shi wuyar samu. A ba ka rubutaccen tsarin aiki ka bi shi daki-daki ba tare da ka tsallake mataki ba. Ka san na'urar auna tsami sai an daidaita ta kafin a yarda da lambar da ta nuna. Ka zuba lambobi ɗari uku a Excel ka fitar da ma'ana, ka gane wadda ta kauce. Ka rubuta rahoton shafi ɗaya da manaja zai karanta a minti biyu ya san matakin ɗauka. Ka san wane sinadari ne ba a ajiyewa kusa da wane. Ka iya aiki da mutumin da ba ka zaɓa ba, ka kuma iya cewa ban sani ba, bari in duba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabon kwas. Cikin kwasa-kwasan da ake da su za a cusa su, a kuma ware musu maki, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi a jarrabawa yake karantawa, kuma ba laifinsa ba ne.

Dubi yaron gareji. Ba a taɓa yaye shi don ya haddace sunayen sassan inji. Ranar da maigidansa zai sallame shi, ya riga ya ga ya sauke inji ya mayar da hannunsa sau da yawa. Haka ya kamata a ce kowane sashe na kimiyya yana da 'yan ayyukan da babu wanda zai karɓi digiri sai an tsaya a kansa an ga ya yi su shi kaɗai. A sashen ƙananan halittu, misali, ya shuka ƙwayoyin cuta a faranti ba tare da wasu sun shiga ba, ya rina su, ya saita madubin gani da kansa. Minti goma ga kowane ɗalibi, mai kula da ɗakin gwaji na riƙe da takarda yana duba matakai. Da zarar an san cewa wannan rana na zuwa, wanda ya saba tsayawa a baya zai matso gaba tun makon farko, kuma ba zai yarda wani ya riƙe famfon buret har abada ba. Ko kafin a kai nan akwai gyaran da ba ya cin ko sisi: malami ya raba ayyukan rukuni da suna, ya riƙa juya su kowane mako, yau kai ne mai awo, gobe mai rubutu, jibi mai bayani a gaban aji.

Akwai hujjar bincike a kan irin wannan koyarwa da ke sa ɗalibi aiki maimakon sauraro kawai. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa a Jami'ar Washington sun tattara nazari 225 da aka yi a kan azuzuwan kimiyya da injiniyanci da lissafi. Sun gano cewa inda malami ke zuba lakca daga farko har ƙarshe, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ne ke faɗuwa, inda kuma ake sa su warware matsala da tattaunawa a cikin aji, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 22. A 2020 wani nazarin daga jami'ar, ƙarƙashin Elli Theobald, ya duba su wa suka fi amfana, ya gano cewa tazarar da ke tsakanin 'ya'yan marasa galihu da sauran ɗalibai a makin jarrabawa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yawancin bayanan daga Amurka aka samo su, kuma ajin mutum ɗari takwas a babban ɗakin lakca da lasifika mai ƙara ba ɗaya yake da nasu ba. Amma dalilin da ya sa abin ke aiki bai da ƙasa. Wanda ya zo da tushe mai ƙarfi zai tsira ko yaya aka koyar. Wanda ya zo da giɓi, lakca ba ta nuna wa kowa giɓinsa sai ranar jarrabawa, lokacin da aikin gama ya gama.

Sai batun masu buƙata ta musamman, wanda a nan ne aka fi yin magana mai daɗi ba tare da aiki ba. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomin gwamnati. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta kafa wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman, har da Kano. Ƙofar shiga ta ɗan buɗe. Sai dai da sun shigo, a hankali ake lallaɓa su zuwa sashen ilimi na musamman ko harsuna ko addini, da hujjar cewa kimiyya sai da ido da ƙafa. Guraben aikin da doka ta ware a hukumomin kimiyya wa zai cike su, in tun a teburin rajista aka juya mutum?

Mu a arewa wannan ya shafe mu kai tsaye. A 2006 kaɗai an samu yara sama da 1,000 da cutar shan inna ta kama a Najeriya, mafi yawansu a jihohinmu. An ayyana ƙasar ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020, amma yaran da ta riga ta naƙasa a waɗancan shekaru yanzu ne suke kai shekarun shiga jami'a. Yawancin abin da suke buƙata ba tsada ne da shi ba: tebur guda a kowane ɗakin gwaji da aka sauke tsayinsa yadda keke zai shiga ƙarƙashinsa, gangara a bakin ƙofa, da mai tsara jadawali ya tuna kada ya kai ajinsu hawa na uku a ginin da ba lif. Mai sikila da ciwo ya kwantar da shi ranar firaktikal yana buƙatar ranar ramuwa a rubuce cikin dokar sashe, ba sai ya bi malami yana roƙo ba. Wanda ba ya bambance ja da kore, kuma an fi samun haka a maza, ana iya ba shi na'urar da ke nuna lamba maimakon jiran sauyin launi. Makafi ma ba a rufe musu hanya ba. Tun 1952 aka fitar da tsarin rubuta lissafi da rubutun makafi wanda Abraham Nemeth, shi ma makaho, ya tsara. Cary Supalo makaho ne da ya yi digirin digirgir a ilimin sinadarai a Amurka, ya kuma yi aiki a kan na'urorin awo masu karanto sakamako da murya. Geerat Vermeij, shi ma makaho, ya zama babban masanin halittun ruwa masu ɓawo yana nazarinsu da yatsunsa.

Mata kuwa matsalarsu a ɗakin gwaji ta fi kama da ƙananan ƙayoyi masu yawa. Firaktikal da ake jan sa har bayan magariba saboda jiran wuta, ga mai goyo ko mai zuwa daga cikin gari. Mai juna biyu da babu wanda ya gaya mata waɗanne sinadarai ne bai kamata ta shaƙa ba, ita kuma tana tsoron faɗa kada a ce ta dakata da karatu. Hijabi mai santsi kusa da harshen wuta, wanda maganinsa ba gardama ba ce: a ce kowa ta sa na auduga ta cusa shi cikin farar rigar aiki, magana ta ƙare. Tafiyar nazarin duwatsu ko tsirrai ta mako biyu a daji ba tare da malama ko ɗaya ba, sai ka ji iyaye sun hana, ɗaliba ta sauya sashe.

Harshe ma yana cikin lissafin, kuma a nan ina ganin muna zubar da dukiya. Ɗalibin da ya taso a makarantar gwamnati ta karkara yakan shigo da raunin Turanci, sai ya yi shiru a aji, a ɗauka bai gane ba. Dole a taimaka masa ya iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, don da shi ake aiki. Amma shi ne fa zai iya tsayawa a gaban manoma a Giwa ko Ɓatagarawa ya yi musu bayanin dalilin da ya sa gyaɗar da aka shanya a ƙasa mai laima ke zama guba, da harshen da za su ji su yi aiki da shi. Ƙungiyoyin lafiya da na noma kuɗi suke biya don samun mai wannan baiwa. Me zai hana a ce kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya yi bayanin furojet ɗinsa na minti uku da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ko duk harshen da ya tashi da shi, a ba shi maki a kai? Ranar nan ɗan birnin da ya saba jan aji shi zai nemi taimako.

Akwai masu adawa da wannan tunani gaba ɗaya, kuma maganarsu na da nauyi. Suna cewa jami'a ba makarantar koyon sana'a ba ce, aikinta koyar da tushen ilimi, na'ura kuwa yau ana yayinta gobe ta tsufa. Gaskiya ne, wanda bai fahimci dalilin gwaji ba, ranar da na'ura ta ba shi lambar banza ba zai gane ba. Sai dai abin da ake yi a azuzuwa da yawa yanzu ba tushen ilimin ba ne, haddar handawut ce. Wasu kuma na cewa ina kuɗin? Wannan ma gaskiya ne. Tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, jami'o'i suka yi ta kukan ba za su iya biya ba, kuma firjin ajiye samfur ba ya jiran kasafin kuɗi. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na gina ɗakuna yana sayen manyan na'urori, amma sinadaran da ke ƙarewa kullum da kuɗin gyara su ne ke wuya, shi ya sa za ka tarar da na'urar miliyoyi lulluɓe da leda, ɗalibai na kallon ta ta taga. Ga yajin aiki, wanda na 2022 ya ci wata takwas. Idan aka dawo aka matse zangon karatu, firaktikal ne farkon abin da ake yankewa.

Duk da haka akwai ƙofa a buɗe a yanzu. A Disamban 2022 hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki tsarin, tana cewa ya ƙwace wa majalisun jami'o'i ikonsu, kuma ana iya fahimtar damuwarta. Amma kashi 30 ɗin nan ba kaɗan ba ne. Jami'ar da ke Kano za ta iya gina kwas a kan ruwan da majemun Challawa ke zubarwa, ta Sakkwato a kan duwatsun siminti da ingancin ruwan rijiya, ta Gusau a kan dalma da haƙar ma'adinai. Ɗaliban aji biyu su ɗebo ruwan leda da na rijiyar burtsatse daga unguwanninsu, su gwada, su ajiye bayanai shekara bayan shekara, su rubuta wa hukumar ruwa rahoto. A nan kowa zai samu abin da a da sai mai kawu a kamfani ke samu, kuma ba sai ya bar garin ba. Haɗarin shi ne sassa su cike kashi 30 ɗin da tsoffin kwasa-kwasan da aka sauya wa lamba, don kowane malami ya tsira da nasa.

Wannan ya kawo mu kan malaman. Ana ƙara wa malamin jami'a girma ne bisa yawan maƙalun da ya wallafa. Wanda ya ɓata hutunsa yana sake tsara firaktikal, ko yana bin kamfanoni yana nema wa ɗalibai gurbi, ba abin da zai rubuta a fom ɗin ƙarin girma. Masu kula da ɗakunan gwaji, waɗanda su ne ainihin masu iya sarrafa na'urorin, ba a cika zama da su ba idan ana tsara manhaja. Muddin ba a sauya wannan ma'auni ba, duk gyaran zai rataya ne a wuyan 'yan tsirarun malamai masu kishi, ranar da suka gaji ko suka bar ƙasar ya tsaya.

Ita ma NUC tana da sanda a hannunta, wato ziyarar tantance kwasa-kwasai. An daɗe ana zargin cewa wasu sassa na aro kayan aiki, har da malamai, kafin baƙin su iso, a mayar bayan sun tafi. Ƙirga na'urori a kan tebur ba zai kama wannan ba. Abin da zai kama shi shi ne masu tantancewar su karɓi jerin sunayen 'yan ajin ƙarshe, su zaɓi mutum biyar da kansu, ciki har da mace da mai buƙata ta musamman in akwai, su ce kowane ya kunna na'urar ya yi awo a gabansu, sannan su buƙaci littattafan aikin ɗaliban na shekara uku da suka wuce su duba kwanan wata.